Kun Hana Gishiri, Kun Manta da Kanwa

Zuwa ga Mai Girma Daraktan kamfanin da ya ƙera manhajar masu ciwon zuciya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ce Rabi, matar Malam Sule, manomi a Issawane. Da daminar nan bugun zuciya ya kayar da shi a gona. Ranar da aka sallame mu daga asibiti a Maraɗi, likita ya sa mana manhajarku a waya, ya ce ita za ta riƙa tuna mana magani da abin da Malam zai ci. Na karɓa hannu bibbiyu.

Na farko, ta ce a bar gishiri. Na bari. To wa zai iya haɗiye miyar kuka lami? Sai na ƙara kanwa a miya, a wake, a kunu, yadda kowace mace a nan za ta yi. Ba inda manhajarku ta ambaci kanwa, sai jerin ganyayen da ko a kasuwar Mayahi ban taɓa gani ba.

Na biyu, hankalina bai kwanta ba. Na hau tudun bayan gari inda ake samun rezo, wato layin waya, na aika saƙon murya ina tambaya ko kanwa za ta cutar da shi. Nan take amsa ta zo da Faransanci. Malamin lakol, makarantar bokon garinmu, ya fassara mini: madalla, ci gaba. Na kuwa ci gaba. Ashe ba wanda ya saurare ni, haka take ce wa kowa.

Yanzu ƙafafun Malam sun kumbura, takalmi ba ya shiga. Numfashi ya hana shi kwanciya sai a jingine, salla ma a zaune yake yi. Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin garinmu, ya ce kanwa ƙanwar gishiri ce a wurin mai ciwon zuciya. Ranka ya daɗe, da hannuna na yi ta zuba masa, da yardar manhajarku. Wallahi ina tsoro.

Don Allah ku rubuta kanwa kusa da gishiri, da Hausa. Ku ajiye mutum mai kunne ya riƙa amsa mana. In babu, manhajar ta yi shiru, ta daina yi mana madalla.

Allah ya tsare ka da ganin naka yana neman numfashi. Har yanzu Malam ba ya cin abincin kowa sai nawa, ni kuwa na rasa abin da zan dafa masa.

Wassalam,
Rabi, Issawane.