Damin Geron Bara

Daren Talata, Daura

Gobe da safe zan ga lauya, karo na farko a rayuwata, kuma barci ya ƙi zuwa. Ƙanena Habu ne ya samo min shi. A waya lauyan ya ce, "Malam Isa, ka taho da duk shaidar da kake da ita a kan gonar."

Wace shaida? Da baki marigayi Baba ya ba Malam Sule aron gonarmu ta Mai'adua. Abin da ke nuna aro ne shi ne damin gero guda da suke kawo mana duk kaka. Bana, bayan rasuwar Malam Sule, 'ya'yansa ba su kawo ba. Wai ubansu saye ya yi.

Na roƙi Inna ta raka ni, tunda ita ke karɓar damin. Ta ce, "Ni in shiga ofis in ƙaryata yaran da suka ci tuwona? Kai dai je ka."

Ina ta maimaita bayanina, amma duk yadda na tsara shi sai in ji kamar ni ne mai cin haƙƙin marayu. In lauyan ya ce sai takarda fa?

Bayan isha'i Inna ta buɗe rumbu. Damin bara yana nan, da irin ɗaurin Malam Sule da kowa ya sani. Na ɗaure shi a bayan babur. Wataƙila lauyan ya yi dariya. Allah Ya sa in ya gama dariyar ya ce in shigo da damin.