Ashanar da Kuka Sa Mini a Hannu, Wa Zai Cire Ta?

Zuwa ga Madam shugabar ayarin tazarar haihuwa da ya sauka ƙauyenmu, kusa da Jiratawa, bara bayan girbin gero.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, tare da fatan kina lafiya, ke da iyali da abokan tafiyarki. Ranki ya daɗe, ki gafarce ni da na rubuto miki a bainar jama'a. Ban san sunanki ba, ban san inda bironku, wato ofishinku, yake ba. Abin da na riƙe kawai shi ne farar mota, da ke mai tabarau kina zaune a rumfar maigari. Shi ya sa na saki takardar nan ta yi yawo, ko Allah zai sa ta iske ki.

Sunana Rabi. Zogale nake nomawa a garkar maigidana, in dafa, in kai Maraɗi. 'Ya'yana biyar, kuma na ƙarshen biyu sun zo kusa da kusa, har ina goyon ɗaya ina riƙe da ɗaya a ƙirji. Haihuwar autata ta ba ni wuya ƙwarai. Ni da maigida muka zauna muka yanke in huta. Saboda haka kada a ɗauke ni cikin masu ƙin pilanin, wato tazarar haihuwa. Da ƙafata na zo, ina ma cikin na gaba a layi.

Ga kukana.

Na farko, ba a tambaye ni komai ba. An auna ni, an tambayi yawan 'ya'yana, sai wata ma'aikaciya ta ce ashana ce ta dace da ni, wato ɗan tsinken nan da ake cusawa ƙarƙashin fatar damtse. Ta ce in an sa shi na huta shekaru, ba shan ƙwaya kullum, ba sintirin allura. Na ji daɗin maganar, don ni mace ce mai mantuwa, ko gishirin miya sai an tuna mini. Amma ba wanda ya tambaye ni yadda al'adata take zuwa, ko irin aikin da nake yi, ko hutun shekara nawa nake so. Sauran hanyoyin kuwa a jikin kwali na gan su, an zana an rataye, ba wanda ya ce mini ci kanki game da su. Mata sun yi yawa, rana ta yi, kuna son ku kai ƙauye na gaba. Na gane wannan. Sai dai ku kun wuce ƙauye na gaba, ni kuma na koma gida da abin a jikina.

Na biyu, ba a faɗa mini abin da zai iya biyo baya ba. Tun watan da aka sa, jini ya rikice mini. Ya zo, ya ɗauke kamar ya tafi, in yi wanka in ɗaura zanen salla, kafin la'asar ya dawo. Na san ba kowa yake yi wa haka ba. Maƙwabciyata Hasiya tare aka sa mana, ita lafiyarta lau, har ƙiba ta yi tana yi mini tsiya wai jikina ne mai gardama kamar bakina. Ni kuwa in na sunkuya tsinkar zogale na ɗago, sai garkar ta juya da ni. Wankin tsumma ya zama mini sana'a ta biyu, ina shanya a ƙuryar ɗaki don kada yara su gani.

Abin da ya fi ci mini rai ita ce salla. Malamar Islamiyyarmu ta yi mini bayani, ta ce in ƙirga kwanakin da na saba, in ƙara ɗan abin da littafi ya ce, in yi wanka in ci gaba da ibadata, sauran jinin na ciwo ne. Na bi maganarta. Amma in faɗa miki gaskiya, Madam, na yi azumin da ya wuce ban san wanne ne nawa wanne ne na ramuwa ba. Mace mai shekaruna ta tsaya kan tabarma tana kokwanto, wannan ya ƙona mini zuciya. Maigida mutum ne mai haƙuri, amma na san shi ma abin ya ishe shi.

Na uku, kuma shi ne dalilin takardar nan: na rasa mai cire mini. Na je ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni ƙwayoyin tsayar da jini da na ƙarin jini. Sun yi aiki ɗan lokaci, abin ya dawo. Da na ce a cire, ya ce wadda ta iya cirewa an yi mata canjin wurin aiki, kayan ma babu. Na hau kabu-kabu zuwa Maraɗi. Can aka ce in ƙara haƙuri jiki zai saba, aka ba ni randebu, wato ranar da zan dawo. Ranar randebun na bar layin ban-ruwan garkarmu ya wuce, na zo, aka ce mai aikin ta tafi taro. Da na koma, wata ma'aikaciya ta dube ni ta ce, “Kayan nan tsada gare shi, ba a sa shi don a cire gobe ba. Je ki wurin waɗanda suka sa miki.” To, ga ni na zo wurinki.

A Tsibiri, wurin sunan ɗiyar ƙanwata, na gamu da wata ungozomar asibiti da ta yi ritaya. A kan tabarma, muna cin tuwo, ta yi mini abin da ya kamata a yi mini tun a rumfar maigari. Ta tambaye ni, na ba ta amsa, ta jera mini hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, kowace da amfaninta da wahalarta. Ta ce allura ma takan rikita jini, robar mahaifa takan ƙara wa wasu, ƙwaya tana son mai tunawa. Ta ce babu wadda ta fi, sai wadda jikin mace da zamanta suka ɗauka, kuma cirewa haƙƙina ne duk ranar da na nema. Hirar ba ta kai a gama cin tuwo ba.

Roƙona kaɗan ne. A cire mini wannan ashana, a zauna da ni in zaɓi wata hanya da kaina, don har yanzu hutun nake so. Duk ƙauyen da za ku sa wa mata ita, ku bar wanda ya iya cirewa da kayan aikinsa, ko ku faɗi ranar dawowarku, ku kuma dawo. Sannan ku rage sauri, ku tambayi mace kafin ku kama hannunta.

Akwai abin da nake so ki sani. Wanzamin ƙauyenmu ya fara cire wa mata da aska. Na ga hannun ɗaya daga cikinsu, ya kumbura har ba ta iya ɗaukar tulu. Shekaranjiya matarsa ta leƙo gidana, ta ce ta ji halin da nake ciki, in na shirya in aika. Ban ce mata a'a ba, Madam. Na ce ta ba ni lokaci in rubuta miki tukuna.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya kiyaye motarku a hanya, ya sa aikinku ya zama sauƙi ga mata. Allah ya sa takardar nan ta riga askar isowa.

Wassalam.

Rabi mai zogale,
daga gefen Jiratawa.