Waken da ya kwantar da yaran unguwa daga shagonmu ya fito, kuma ƙanena ne ya kawo shi

Admin don Allah a ɓoye sunana.

Salama ga kowa da kowa a gidan nan, Musulmi da Kirista. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni. Duk sunan da za ku gani a nan na canza shi.

Ni malamar firamare ce a Kafanchan, Kirista ce, mijina ya rasu ya bar ni da yara uku. A unguwarmu muna da shagon kayan abinci na ƙungiya, wato kofaretif, mutanen unguwa ne suka haɗa hannu suka buɗe shi lokacin da abinci ya fi ƙarfin kowa. Muna sayo masara, shinkafa, garin rogo, manja da wake kai tsaye daga hannun manoma, mu sayar wa membobi da sauƙi. Mu 'yan kwamiti babu mai albashi a cikinmu, aikin sa kai ne, kowa ya tashi daga nasa aikin ya zo. Bara aka zaɓe ni ciyaman, ban nema ba, cewa suka yi tunda yaran kowane ɓangare nake koyarwa, kowa zai yarda da ni. Mataimakina shi ne Alhaji Sani, tsohon ɗan kasuwa wanda kakanninsa ma a garin nan aka haife su. Baba nake ce masa, shi kuma Malama yake ce mini, kuma gaskiya tun da muka fara aiki bai taɓa nuna mini bambanci ba.

Ina da ƙane, zan kira shi Bulus, manomi ne a ƙauyenmu ta hanyar Gidan Waya. Bana wakensa ya yi kyau sosai, kwamiti suka gani suka yarda, aka sayi buhuna da yawa a wurinsa. Waken fari ne tas, ko ƙwaro ɗaya babu, mutane suka yi ta rububinsa.

Satin da ya wuce aka kwantar da Ummi a asibiti, 'yar maƙwabciyata ce kuma 'yar ajina, yarinya mai surutu da ba ta iya zama wuri ɗaya. Amai, ciwon ciki, yawu yana ta zuba daga bakinta, jikinta yana karkarwa. Na je dubiya na same ta kwance ana mata ƙarin ruwa, ta buɗe ido ta ce "Anti" da ƙyar. A nan Maman Ummi take gaya mini likita ya tambaye ta me suka ci, ta ce shinkafa da wake, ya ce alamun sun yi kama da na maganin ƙwari. Kafin in fita daga asibitin na ga wasu yara biyu daga unguwarmu, gida daban, ciwo iri ɗaya. Na tambayi uwarsu, ta ce alale ta yi musu. Wallahi a bakin ƙofar asibitin na tuna duk gidajen biyu a shagonmu suka sayi waken Bulus.

Washegari na hau mota na tafi ƙauye. Na sami Bulus a bayan gida, na tambaye shi abin da ya sa wa waken. Da farko ya ce babu komai, da na matsa sai ya ce, "Yaya, ƙwari ne suka fara shiga, na ɗan yayyafa fiya-fiya kafin in ɗinke buhunan. Kowa haka yake yi. In an wanke ai shi ke nan." Na ce masa yara suna kwance a asibiti. Sai ya zauna a ƙasa ya riƙe kai, yana ta cewa shi bai yi nufin cutar da kowa ba, 'ya'yansa ma sun ci. Mamanmu ta ji mu, ta fito ta kama zanena tana kuka, ta ce in na kira sunan ɗanta a cikin gari ni ce na kashe shi, kada in sake taka gidanta.

Na dawo na kira mitin na gaggawa, na faɗa wa kwamiti komai, ban ɓoye sunan ƙanena ba. Na ce mu sanar a coci da masallaci da group ɗin unguwa, kowa ya daina cin waken. Na ɗauka Baba Alhaji ne zai fara goya mini baya, tunda duk yaran da suka kwanta Musulmi ne. Sai ga shi shi ne ya fi kowa ƙi. Ya ce, "Malama, ke yarinya ce lokacin da garin nan ya ƙone, ni na binne mutane da hannuna. Kina ganin in aka ji manomi Kirista ya kawo waken da ya kwantar da 'ya'yan Musulmi, kuma yayarsa ce ciyaman, akwai wanda zai tsaya ya ji zancen ƙwari? Kafin la'asar labarin ya zama wani abu dabam." Wasu suka ce shagon zai mutu, wasu suka ce hukuma za ta kulle mu duka. Aka yi ƙuri'a, ni kaɗai ce na ɗaga hannu a kan a sanar.

Abin da aka yanke shi ne a kwashe sauran buhunan a kai su sito a kulle, sannan mu bi gida gida mu ce waken ya yi ƙwari, a dawo da shi a canza wa mutum da wani. Mun yi hakan, ni da Baba muka yi ta yawo a rana. Amma ta yaya za ka gaya wa mace wakenta ya yi ƙwari alhali yana gabanta fari tas? Wata dariya ta yi mini, ta ce ai ba ta taɓa samun wake mai tsabta irin wannan ba, ko dai mun ga farashi ya tashi ne muke so mu karɓe? Wasu sun bayar, da yawa sun ƙi, wasu ma sun aika wa 'yan'uwansu a wasu garuruwa. Duk gidan da muka fita ba a ba mu ba, sai in ji kamar in koma in faɗi gaskiya, Baba ya ce in daure.

Yanzu ga abin da yake hana ni cin abinci. Wata murya ta fara yawo a WhatsApp, wani da ban san shi ba yana cewa ana sa wa yaransu guba da gangan, wai su bincika wurin da suke sayen abinci. Bai kira sunan shagonmu ba tukuna. Shekaranjiya kuma wasu samari daga cocinmu suka tare ni a hanyar makaranta, ban san wanda ya kai musu labarin mitin ba, suka ce sun ji ina so in miƙa ɗan'uwana, wai in tuna sun san inda gidana yake da inda yarana suke bi. Na kai yaran wurin ƙawata a wata unguwa, na ce musu hutu ne. Ko ƙarar mashin na ji a ƙofar gida sai in tashi in leƙa. Na je wurin fasto, ya ce gaskiya ita ce daidai amma a yi ta da hikima, ya yi mini addu'a, na fito ban san inda hikimar take ba.

An sallamo Ummi, mun gode wa Ubangiji, ɗaya daga cikin yaran biyun kuma har yanzu yana kwance. Jiya Maman Ummi ta shigo gidana da kwanon tuwo, wai godiya take yi saboda na je dubiya, ta ce, "Malama, ke kam 'yar'uwa ce." Na karɓi kwanon na kasa kallon idonta. Nata waken na karɓe tun farko da ƙaryar ƙwari, har yau ba ta san waken shagonmu ne ya kusa kashe mata 'ya ba, kuma ni na sani.

Yau da na tashi daga makaranta na tsaya wurin matar da ke soya ƙosai a bakin get, tsohuwa ce memba a shagonmu, kusan duk yaran makarantar a wurinta suke karya kumallo. A cikin hira take gaya mini tsohon wakenta ya ƙare, gobe za ta buɗe wanda ta saya a shago ta ajiye. Na roƙe ta ta sayar mini da shi duka, ta ƙi, ta ce sai na gaya mata dalili.

Jama'a me zan yi? In na faɗa mata, kafin yamma kasuwa duka ta ji, kuma ban san abin da zai sami Bulus ko gidana ko garin nan ba. In na yi shiru, ɗalibaina ne za su ci. In sauka daga ciyaman in yi magana a matsayin ni kaɗai? In fara kai ƙanena wurin hukumar lafiya da kaina kafin wasu su je masa? Ko in nemi liman da fasto su tsaya tare su sanar, ko da kwamiti ba su yarda ba? Don Allah wanda ya san garin nan ya amsa mini yau, kada ku bari sai gobe. Da asuba mai ƙosan take jiƙa waken.