Ba Jakina Ya Ci Littafin Taurari Ba

Zuwa ga Malam Buhari, mai riƙe da zauren littattafan waƙafi na Gusau. Gaisuwa mai yawa da ban girma, da fatan Malam da iyali suna lafiya. Na liƙa takardar nan a ƙofar zaure ne don an hana ni shiga in faɗa da baki. A gafarci rubutuna, karatuna bai yi nisa ba.

Bayan haka, Malam, ran Talatar da anka shanya littattafai saboda laimar damina, na iso da hantsi daga Nahuce da auduga. Na tarar an baza takardu a kan tabarmi, an danne su da duwatsu. Ina tsaye ragon layyarka ya tsinke igiya ya fito daga cikin gida. Ya ture dutse da hanci, ya fara da littafin lissafin taurari. Bai yi gaggawa ba, takarda bayan takarda, kamar mai bita. Na yi ihu na kore shi. Da mutane sunka taru, rago ya riga ya koma gida, sai ni da jakina anka gani, anka ce shi ya ci littafin.

Na ɗaya. Jakina yana ɗaure a gindin tsamiya da takunkumi a baki, don yana sata mini auduga. Dabbar da ta kasa cin kayan da ke bayanta, yaya za ta ci ilimi?

Na biyu. Tawadar littafin da ƙaro anka dama ta. Ranar nan kowa ya ga leɓen ragon baƙi ƙirin, alhali fari ne tas. An ce wai toka ya lasa. Malam, mu ma muna da tumaki a gida.

Na uku. Tun ranar anka ce kada in ƙara zuwa karatun Alhamis. Na haƙura, na ce gaskiya ba ta kwana daji. To ga shi ta kwana, har ta yi bukka. Ina tsayawa bayan katanga, amma masu sassabe hanyar jirgin ƙasa suna wucewa da waƙarsu, rabin karatun nake ji.

Kuma Malam ya san abin da ke kawo ni. Ba waƙen wa'azi na Juma'a ba ne, ko da yake ina son shi. Labarin matafiya hajji da ake karantawa ne. Babana ya bi hanyar nan da ƙafa tun ina goye, har yau shiru. Duk garin da ka ambata, sai in ce ko nan ya tsaya. Innata tana jirana kowace Alhamis in mayar mata. An kore ni matafiya suna gab da bakin teku. Makon jiya ta tambaye ni ko sun haye, na ce suna jiran jirgi. Ba zan iya ajiye su a bakin ruwa har abada ba.

Roƙona: a bar ni in koma wurina kusa da takalma kafin a rufe littafin matafiyan. A wanke jakina a gaban waɗanda sunka ɓata shi. Ragon kuwa ban nemi a taɓa shi ba, Sallah ta kusa. A dai sauya masa igiya.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da hasken ido, ya tsare sauran littattafai daga gara da makamantanta. Wassalam.

Ni ne Ɗanjuma mai jaki, Nahuce.

Waɗanda sunka gani ban da ni: Inna Tumba mai fura, wadda ta zare guntun takarda daga bakin ragon. Da Jauro Bello na rugar Mada, da ya zo sayar da man shanu. Na ukunsu, Allah ya gafarta Malam, kai ne. Ka ɗaga asabari, munka haɗa ido, ka sake shi.