Imel Ukun Da Na Goge

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Umma? Ki ce mata ta rage hawa bene, ko da yake na san ba ji za ta yi ba.

Kin tambaye ni labarin aiki. Yaya, aiki ya tsaya mini a wuya. Kwamfutocin kamfaninmu ba su da wata babba da suke bi, kowace tana magana da 'yar'uwarta kai tsaye, kowace ɗaya kuma nod muke kiranta. To, shugaba ya ce yana so mutane su riƙa shiga nod ɗinmu daga burauzar wayarsu, wato manhajar buɗe shafukan intanet. Hakan sai da wani layi da ake kira websoket, ita kuma burauza ba ta yarda da layin sai yana da satifiket na tsaro. Sati uku ina fama. Na haɗa satifiket da hannuna, burauza ta ce ba ta san ni ba.

Sai ga Dogo. E, Dogon da kika sani, wanda ni na kai takardunsa ofishin, ni na nuna masa inda ake kunna fanka. Ya jawo kujera kusa da ni bayan azahar, ya yi wa nod ɗin rajistar suna, ya nemo satifiket daga masu bayarwa waɗanda burauza ta yarda da su. Kafin la'asar ɗan kwaɗon nan mai nuna layi yana da tsaro ya fito a saman allo, a kulle. Shugaba ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa. Ni ma na yi tafi, amma wallahi raina baƙi ƙirin. Ke kaɗai zan iya faɗa wa: ƙyashi nake yi.

Ki gaishe da kowa.
Ƙaninki, Auta.

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Umma. Na ji an ce ƙaramar taki ta fara tafiya, Allah ya raya.

Na karanta faɗan da kika yi mini, ban ce ba ki da gaskiya ba. Amma ki ji abin da ya biyo baya. Za a naɗa shugaban sashe, kuma tsakanina da Dogo ne. Shekarata shida a kan kujerar nan, shi ko biyu bai cika ba. Shi aka zaɓa ya nuna aikin ga baƙin da za su zo daga wani kamfani ƙarshen wata. Yanzu ko tari ya yi sai a ce ya yi daidai.

Ga abin da bai sani ba. Satifiket ɗin kwana casa'in yake yi ya mutu. Ya kamata ya sabunta kansa, amma ƙofar nod ɗin da yake bi ya sabunta, ni na rufe ta tun bara don tsaro, na ma manta. Na tuna ne da imel ya shigo mini yana gargaɗin cewa saura kwana ashirin. Ashe ranar da Dogo yake cike rajista, adireshina ya sa a wajen mai kula, wai ai nod ɗin nawa ne, shi taya ni kawai ya yi.

Na ƙirga kwanakin a kalanda, sun faɗa daidai safiyar zuwan baƙi. Gyaran bai fi minti biyar ba, Yaya. Na goge imel ɗin. Na biyu ya zo, shi ma na goge. Kullum Dogo yana ajiye mini kofin shayi a gefen kwamfuta kamar yadda ya saba, ina sha ina yi masa godiya.

Kar ki gaya wa Umma.
Auta.

Yaya,

Ina fata kun tashi lafiya. Ni dai jikina lafiya.

Wasiƙarki ta iso, kin ce in buɗe ƙofar ko in daina kiranki Yaya. Ta same ni bayan na goge imel na uku.

Baƙi sun zo su biyar, an jera musu kujeru a ɗakin taro. Dogo ya sa sabuwar riga. Ya ce kowa ya ciro wayarsa ya shiga. Wayoyi biyar suka nuna jan gargaɗi, cewa layin ba shi da tsaro. Na ga gumi yana bin wuyan rigarsa. Na ɗauka zan ji daɗi, ban ji komai ba sai ƙishirwa.

Bai yi minti goma ba ya gano matsalar. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da kai. Da shugaba ya tambaya ko ba a turo gargaɗi ba, sai ya ce laifinsa ne, shi ne bai duba ba. Bai ambaci sunana ba, alhali ya san adireshin da ya rubuta da hannunsa.

Shekaranjiya aka ba ni kujerar shugaban sashe. An kai ni ofis mai taga, kowa yana shigowa yana yi mini murna. Dogo ma ya zo, ya ba ni hannu, ya kira ni ranka ya daɗe, shi da tun muna makaranta bai taɓa kirana da wani suna ba sai Auta.

Yau na shiga rajistar nod ɗin don in ga yaushe sabon satifiket zai ƙare. Komai yana nan daidai, ƙofar a buɗe, kwaɗon a kulle. Abu ɗaya kawai ya canza: ya cire adireshina, ya sa nasa.

Ki sa ni a addu'a, in har kina amsa sunan Yaya.
Ƙaninki, Auta.