Kofin Farko a Ƙarƙashin Bedi

Agye, Oktoba

Aminina Muttaka,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiyar damina, ina Mansura da yara? Na ba direban motar Maraɗi wannan takarda don abin ya fi ƙarfin waya.

An dawo lakol, makaranta ta buɗe, mun iske an yi mana gyara. Provizer, shugaban makaranta, ya haɗa sashen tarihi da na falsafa wuri guda, wai don a rage taro. Sai na share kujerata, na jira a ce Garzali ne shugaba, kamar kowace shekara. Ka san wa aka naɗa? Nasiru. Nasirun da na koya wa inda Kogin Kwara ya nufa, wanda ya taɓa zana mini taswirar Afirka kamar ƙwaryar da akuya ta taka.

Bai yi sati ba ya raba azuzuwa. Ya ɗauki tarminal, 'yan ajin ƙarshe masu jarrabawar bak ta shiga jami'a, ajin da nake riƙe da shi tun kafin ya fara aske gemu. Ni ya ba ni ƙanana.

Ga kuma shayi. Ka tuna al'adarmu a ƙarƙashin bishiyar bedi: ƙaramin malami ke dafawa, kofin farko mai ɗaci na shugaban sashe ne. Yanzu Nasiru ne ƙarami, shi ne shugaba. Ya dafa, ya zuba, ya tsaya da kofi a hannu yana kallon ƙasa. Na tashi na ce ina da gyaran takardu. Ba wai ina kishi ba ne.

Ka huta lafiya.
Garzali

Gidan Rumji, Nuwamba

Garzali,

Mun gode Allah, kowa lafiya. Mansura na gaida Hauwa.

Na karanta takardarka sau biyu, na biyun don dariya. Wanda ba ya kishi ba ya biyan direba don ya kai labari. Koma ka sha shayinka, tsoho. Yaron bai ƙwace ba, ba shi aka yi.

Af, nan ma an yi gyara. An ba ni muƙamin sansar, ni ke tsara aikin malamai duka. Ban so faɗa maka yanzu ba, amma gara ka ji daga bakina.

Naka,
Muttaka

Agye, Maris

Ranka ya daɗe, Sansar,

Bayan gaisuwar da ta dace da manya. Na yi jinkirin taya ka murna ne don sai da na nemo ta. Kai da na riƙa rubuta wa jawabi a jami'a! Allah ya taya riƙo.

Rabona da gindin bedi tun Oktoba. Ina shan shayina a aji, ni kaɗai, kamar mai takaba. Ta taga nake jin Nasiru yana koyar da yaƙin duniya. Ya kawo na'ura mai haska hoto a bango, yara na ta tafi. Ni da alli na ci wannan yaƙi shekara da shekaru, ba wanda ya tafa mini. Abin haushi, da na kasa kunne ko zan kama kuskure, sai na ji har wasan da nake yi a kan taron Balin na raba Afirka ya ɗauke, kuma sun fi yi masa dariya.

Jiya ya zo har gida, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa: "Malam, ka zo ka duba mini 'yan bak kafin jarrabawa." Na ce, "Shugaba, mu 'yan ƙananan aji ina muka san bak?" Hauwa ta ce ko jaki ya fi ni sauƙin kai.

Ga buƙatata. Zan nemi a sauya ni zuwa wajenku. Gara in zauna ƙarƙashin tsarana da in zauna ƙarƙashin ɗalibina. Ka sa baki.

Naka, duk da haka,
Garzali

Gidan Rumji, Afrilu

Garzali,

Gaisuwa. Zafi ya sauka, Allah ya kawo ruwa.

In ka nace zan sa baki. Amma ka sani, ba ƙarƙashina kai tsaye za ka zauna ba. Shugabar sashen tarihi a nan Hafsatu ce, ɗiyar Alhaji Tahiru na Gidan Sori, wadda ka koyar. Na tambayi makarantar garin Gazawa: Hamisu ne shugaban sashe, shi ma naka. Ka cika jihar nan da yaranka, yanzu kana neman inuwar da ba kai ka dasa ba. Babu ita, sai dai ka tsallaka iyaka.

Wagga shekara kaɗai 'yan bak ke da ita, ba su da wata. Je ka duba su.

Muttaka

Agye, Yuli

Muttaka,

Gaisuwa. An yi shuka, gero ya fito.

Kada ka sa baki, na fasa. Na duba masa yaran. Sakamako ya fito, sun fi nawa na bara, kuma ban yafe ba.

Na koma gindin bedi. Nasiru ya dafa, ya miƙo mini kofin farko. Na ce al'ada al'ada ce, shugaba ya sha. Ya shanye a gabana, ina kallo har ɗigon ƙarshe.

Kofi na biyun da ya miƙo mini ya fi zaƙi. Ba wanda ya taɓa gaya mini.

Ka gaida Mansura.
Garzali