Kofin da Javlon Ya Cika wa Baba Tursun

Zuwa ga ƙanwata Oydin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta muku sanyin Koriya. Mu nan Tashkent lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke damunta, amma bakinta kam garau yake.

Zancen auren ɗanki Javlon ne ya sa na rubuto, don saura ƙiris ya rushe shi da hannunsa. Kin san aikinsa, na'urar nan ta ƙarƙashin jirgin ƙasa mai gudun tsiya, wadda in tarago ya karkata hagu sai ta turo shi dama don kada ya yi girgiza. To, Baba Tursun, mahaifin Nigina, yarinyar da yake nema, ya ƙi ba mu amsa, wai bai ga sana'a ba wajen mai yini kwance a ƙarƙashin jirgi. Sai Javlon ya ce mu raka tsohon gida Samarkand a jirgin, ya gani da idonsa.

Jirgi ya ɗauki gudu, aka kawo shayi. Ina kallo ɗan nan ya ɗauki buta ya cika wa tsohon kofi fal har baki, yana murmushi, wai a ga ko zai zube. Oydin, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mu da muke zuba wa baƙo rabi don ya daɗe ana ƙara masa, ai cikakken kofi sallama ce. Na taka wa Javlon ƙafa, sakaran ya ce wa tsohon kada ya damu, wannan motsin ba na jirgi ba ne, na uwarsa ne.

Baba Tursun ya miƙe da kofi a hannu, ya ce tunda an kore shi a nuna masa ƙofa. Na ce ya yi haƙuri, ba ta buɗuwa sai Samarkand. Ya ƙi zama, ya ƙi sha, ya tsaya ƙiƙam. Ni kuwa kamar in yi kuka, don na san in yaron nan ya rasa Nigina ba zai moru ba. A haka muka shiga babbar kwana. Tsoho ya kafa wa kofi ido, yana jiran ya zubar masa a riga ya sami abin faɗa. Ko ɗigo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya zauna a hankali, ya ce yaron ba shi da tarbiyya, amma jirginsa yana da ita.

Da muka isa gidansa, da kansa ya ɗauki buta, ya ɗiga wa Javlon shayin da ko gindin kofi bai rufe ba, ya ce haka zai riƙa shan sa a gidan nan har ya tsufa. An sa biki bayan tsinkar auduga.

Ki gaishe min da maigidanki Bahodir, da Sevara da ƙaramin Ulugbek. Inna da Kawu Ergash suna gaishe ku. Ki zo da wuri, don ke za ki riƙe buta ranar biki. Ango ko kusa da ita ba zai je ba.

Yayarki mai kewarki,
Mukaddas